Naushin da Barmo Ya Kasa Yi

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

To ku matso. Kai Talle, sauke ƙafarka daga kan tabarmata. Wannan ba ta dariya ba ce, na gaya muku tun yanzu, kada wani ya ce ban faɗa ba.

A wani garin mahauta an yi wani tsoho ana ce masa Barmo. A zamaninsa ɗan dambe ne na ji da gani, amma ƙarfi ya tafi, haƙora sun bi shi, sai ɗa guda da Allah ya bar masa, sunansa Korau. 'Ya'ya shida ya binne kafin wannan, uwar yaron ma ta bi su. Saboda haka ko tuntuɓe Korau ya yi, Barmo ne ke jin zafin.

Korau ya tashi ƙato, hannun damansa kamar taɓarya. Uban ya koya masa tsayuwa, ya koya masa kai naushi. Abu guda ne ya rage. A al'adar garin nan, kafin a naɗa wa saurayi zare a hannu ya shiga babban fage, sai maigidansa ya ja shi bayan gida ya zabga masa naushi na gaske, ya kai shi ƙasa. Suka ce faɗuwar farko a gida ake yin ta, domin wanda bai taɓa shan naushi ba bai san amfanin hannun hagu ba, hannun da ake kare fuska da shi. Barmo ya yi wa 'ya'yan mutane wannan ya fi sau ashirin. A kan nasa kuwa, kullum sai ya ce gobe.

To, makaɗin fagen nan Gizo ne, shi ke riƙe da kalangu. Duk ranar da aka kai wani ƙasa, mahauta sukan ba shi cinyar sa. In kuwa babban dambe ne, sa guda sukutum. Gizo ya dubi hannun Korau, ya haɗiye yawu, ya shiga nemo masa abokan karawa.

Ya kawo Bunsuru. Naushi ɗaya, Bunsuru ya baje yana kuka. Ya kawo Dila. Tun hannu bai iso ba Dila ya kwanta, ya ce shi malami ne, dama tsautsayi ya kawo shi. Ya kawo Kura. Kun san ta, ga tsoro ga ban tsoro. Tana ganin an ɗaga hannu ta saki zawo ta ranta a na kare.

Gari ya ɗauka. Gizo ya matse kalangu, ya buɗe baki da tsamin bakin nan nasa: "Koyau na Baymo! Ɗan tsoho mai hannun ƙayfe! Sai Bika, sai Bika!"

Bika kuwa wani ƙaton biri ne da ke zaune kan dutse, shi ne sarkin damben ƙasar. Shekara tara ba wanda ya kai gwiwarsa ƙasa. Da Barmo ya ji wannan suna a bakin kalangu, sai ya tashi ya koma gida.

Korau ya shigo gida yana huci, ya durƙusa. "Baba, ranar kasuwa zan tari Bika. Ka naɗa mini zare."

"Ba ka isa ba tukuna, ɗana."

"Wa ya rage ban kayar ba?"

"Cikin waɗanda ka kayar, wane ne hannunsa ya taɓa ka?"

"Ko ɗaya, Baba."

"To abin da ke hana ni cin tuwo ke nan."

Korau ya sunkuyar da kai. "In naushin al'ada ne ya rage, yi mini a gama. In ka ƙi, Gizo ya ce shi zai naɗa mini."

Gizo zai naɗa wa ɗansa zare! Wanda ko akuya bai iya ɗaurewa ba! Barmo ya ce, "Gobe da safe, bayan gida."

Gari ya waye suka tsaya bayan gida. Barmo ya dunƙule hannu, ya ɗaga. Ya dubi fuskar yaron, sai ya ga idanun uwarsa sak. Hannu ya sauko. Ya ce, "Kafaɗata ke ciwo. Gobe."

Kashegari suka koma. Ya dunƙule, ya kai har rabin hanya, sai ya tuna shekarar da ya yi ta yawo da yaron nan a kafaɗa yana zazzaɓi, yana roƙon Allah ya bar masa ko wannan. Hannu ya sauko. Ya ce, "Rana ta yi. Gobe."

Rana ta uku, jajibirin kasuwa, ba sauran gobe. Barmo ya runtse ido, ya cije leɓe, ya kai naushi. Wayyo, hannu ya ci amanarsa a hanya. Ya sauka kan kuncin Korau a hankali, ko jariri ba zai farka ba.

Korau ya tuntsire da dariya. "Wannan ne naushin da ake tsorata mu da shi?"

"Korau, ban saki hannuna ba. Wallahi ban saki ba. Tsaya in sake."

"Haba Baba, al'ada sau ɗaya ta ce. Ka yi, ban faɗi ba."

Ashe Gizo na laɓe jikin danga. Kafin Barmo ya rufe baki, kalangu ya kai kasuwa: Barmo ya yi naushi, Korau ko gezau! Tsoho ya bi gari rumfa rumfa yana cewa ƙarya ne, shi ne ya tausaya. Mahauta suka yi ta dariya, suka ce tsufa ya zo, Barmo na kishin ɗansa. Ba wanda ya saurare shi.

Gizo bai tsaya nan ba, la'ananne. Ya hau dutse ya sami Bika, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce Korau na yawo yana kiransa tsohon biri mai jan gindi. Ke Ladidi, rufe bakinki, na ce ba ta dariya ba ce.

Ranar kasuwa Barmo ya zauna ya ɗora hannun ɗansa kan cinyarsa, ya shiga naɗa zare. Yana naɗi hawaye na ɗiga a kai. Ya ce, "Ɗana, abu ɗaya nake roƙonka. Ɗaga hagu. Kome ya faru, ɗaga hagu."

"To, Baba," in ji Korau, idonsa na can wajen 'yan mata.

Aka buɗe fage. Turmi uku ake yi, watau karawa uku. A turmin farko Korau ya yi kukan kura ya sauke wa Bika naushi a ƙirji, ji kake dim! Jama'a suka ɗau ihu. Bika ko motsi. Ya dai tsaya yana kallon hannun hagun yaron, yana lilo a gefe ba aikin fari balle na baƙi.

A turmi na biyu Bika ya matso kusa, ya ce ƙasa ƙasa, "Samari, wa ya kayar da kai a gida?"

"Ba a haifi mai kayar da ni ba!"

Bika ya waiga ya dubi Barmo cikin taro, ya girgiza kai. Su biyu sun fahimci juna. Ya ce da Korau, "An ce ka zage ni, na yafe. Dafa ƙasa da hannu ka tafi gida, ka dawo bayan shekara biyu."

Da aka raba su, Barmo ya kutsa ya kama ƙafar ɗansa, tsoho da furfurarsa, gaban kowa. "Korau, dafa ƙasa. Kunyar ta zama tawa, ni zan ɗauka. Kai kaɗai gare ni."

Korau ya dubi ubansa, jikinsa ya fara sanyi. Da an bar su, da ya ji. Sai Gizo ya ga sa na shirin kuɓuce masa, ya matse kalangu har fata na ƙara: "Koyau ba ka gudu! Koyau ba ka dafa ƙasa!" 'Yan mata suka rangaɗa guɗa. Korau ya zare ƙafarsa daga hannun uban ya koma fage.

Turmi na uku bai daɗe ba. Korau ya kai naushi, Bika ya goce. Dambe kuwa ba a shiga a tsaya kallo. Bika ya mayar, sau ɗaya tak, ta gefen hagu inda ba kariya. Fage ya yi tsit. Kalangu kaɗai ke tashi, don tuni Gizo ya juya yana yi wa Bika kirari. Da yamma Gizo ya ja san da aka ba shi ya yi gida.

Barmo ya ɗauki ɗansa, ya ƙi kowa ya taya shi. Korau bai mutu ba, jikokina. Bayan kwana tara ya buɗe ido, amma wanda ya tafi fage ba shi ya dawo ba. Bai san sunansa ba, bai san gidansu ba, bai san tsohon da ke zaune kusa da shi ba.

Barmo ya dama kunu, ya ɗebo a ludayi, ya ɗaga hannu zai ba shi. Ƙaton nan ya zabura ya maƙure jikin bango, ya ɗaga hannun hagu ya kare fuskarsa, yana cewa, "Kada ka buge ni, Malam, don Allah kada ka buge ni."

Haka suka zauna har Barmo ya koma ga Allah. Kullum sai ya ajiye kwano a ƙasa, ya ja da baya, ya ɓoye hannayensa a bayansa, sannan ɗansa ya yarda ya ci.

To kun ji. Wanda tausayi ya hana shi kayar da ɗansa a gida, a fage zai ɗauko shi. Ku kuma, in makaɗi ya ce kun isa, tsoho ya ce da saura, ku bi ta tsoho, don makaɗi ba ya jinya.

Kungurus kan kusu, kan ɗan kusun da bai ji bari ba. Talle, share idonka, ku tashi.