Ƙurar da Kwamfutar Junaidu ta Shaƙa

Akwai wani matashi a garin Anka, Junaidu sunansa, mai rumfar cajin waya a bakin tasha. Asalinsu mutanen Tungar Daji ne. Mahaifiyarsa, Inna Maimunatu, ita ta tattaro su suka dawo gari a shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara, bayan an binne autanta Shafi'u. Tun daga lokacin ta kafa doka guda a gidanta: dutsen zinari ba ya ƙetare bakin zaure, don ƙurarsa ce ke ɗauke da dalmar.

Junaidu yana da mata, Hamida, da 'yarsu Humaira wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Yana kuma da wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur da ya saya ta hannu, ya jona ta da batirin sola a ɗakinsa.

Wasan ƙwallo yake bugawa a kanta, amma ba ta da ƙarfi. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ke nan, sai hoton ya sandare. Kafin ya saki an riga an zura wa Junaidu ƙwallo. Abokinsa Uba, mai haƙar zinari, kullum sai ya ce 'yan ƙwallon Junaidu azumin nafila suke yi, shi ya sa ba su iya gudu.

Akwai wani Williams mai gyaran kwamfuta da ke zuwa daga Gummi ranar kasuwa. Ya duba injin, ya ce lafiyarsa lau, katin hoto ne ba shi da shi, wanda suke cewa katin girafik. In aka saka masa, aka kuma canja akwatin wutarsa da mai ƙarfi, wasa zai tafi sumul. Ya ma zaro ɗaya daga jaka ya nuna masa, mai fanka biyu. Ya ce wani a Bukkuyum ya yi maganarsa, amma kada Junaidu ya damu, in ya tara kuɗi zuwa kaka zai samo masa wani, abin ba ƙarewa yake ba.

Kaka? A lokacin ko gero bai yi kai ba.

Daga ranar nan zama ya gagari Junaidu. Yana rumfa hankalinsa na kan katin. Yana cin tuwo yana kallon bidiyon yadda ake saka shi. Hamida ta yi masa magana sau uku kafin ya ce "iye?" Ko sallama ya yi daga salla, kafin ya shafa addu'a hannunsa ya kai ga waya.

Uba ne ya kawo shawara. Ya ce raminsu ya fara bayarwa, zai ba shi buhun dutse, abin da ya fito su raba. Sai dai a wurin injin niƙa da ke bayan gari layi ya yi tsawo, ga masu inji da nasu kason. Junaidu ya ga kafin layi ya zo kansa mutumin Bukkuyum ya ɗauke katin.

Sai ya zuba dutsen a buhun gero, ya ɗaura a babur, ya wuce da shi ta gaban Inna. Har sannu da zuwa ta yi masa.

Ya aro turmin ƙarfe. Da Inna da Hamida sun tafi Islamiyya da yarinyar, sai ya rufe ƙofa da taga, ya kunna kwamfuta, ya ƙure ƙarar wasan don kada maƙwabta su ji daka. Ya daka, ya tankaɗe, ya sake dakawa. Kafin su dawo ya share ɗaki, ya yayyafa ruwa, ya fita da garin zuwa wurin wankin zinari. A ransa ya ce ai shi ba kamar mutanen da ba ne, shi ya san yadda ake kiyayewa.

Da yamma kuwa Humaira za ta shigo ɗakin, ta zauna a ƙasa da dafaffiyar masara a hannu, ta faɗi, ta ɗauka, ta mayar baki, tana kallon masu gudu a allo.

Zinari ya fito. Ranar kasuwa Junaidu ya karɓo katin da akwatin wutar, ya ce shi zai saka da kansa, ba zai jira Williams ya gama da jama'a ba.

Bayan la'asar ya fito da injin tsakar gida don ya fi ganin haske. An yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe take. Inna na gefe tana tsintar wake. Humaira ta dafa gwiwarsa tana leƙe.

Ya kwance kusoshi, ya zare murfin.

Cikin injin ya yi fururu. Fanka, wayoyi, ko'ina ƙura ce mai launin toka, mai laushi, ta kwanta da kauri. Junaidu ya cika kumatu da iska zai hure.

Bai san lokacin da Inna ta taso ba. Tafin hannunta kawai ya ji a bakinsa.

"Kak ka hura."

Ta janye Humaira ta miƙa wa uwarta. Ta ɗauki tsinken tsintsiya ta lakato ƙurar, ta daɗe tana dubawa.

"Inna, ƙura ce kawai."

"Ƙura da damina? Junaidu, mi kad daka cikin ɗakin ga?"

Ya fara kame-kame. Ya ce ai yana sharewa, yana yayyafa ruwa, ko kaɗan ba ya bari.

"Ka share ƙasa," in ji ta. "Wanga ƙarhe da ba shi da rai, dubi abin da yas shaƙa. Ɗiyarka hwa?"

Nan Hamida ta zauna a ƙasa. Ta ce kwanan nan yarinyar na ƙin abinci, tana amai jefi-jefi, ga rigima. Ita ta ɗauka haƙori ne.

Da safe suka kai ta asibiti. Wata ma'aikaciya mai suna Sharon ta ɗebi jini, ta ce sakamako ba yau ba, za a kira su.

Wanda ya kasa jiran kaka, yanzu ga shi yana jira. Ya buɗe rumfa ya rufe. Ya je asibiti a ce bai fito ba, ya dawo gida ya kasa shiga, ya sake komawa. Waya ta yi ƙara ya yi wuf ya ɗauka. Humaira ta yi barci ya je ya kara yatsa a hancinta ya ji ko tana numfashi.

Ya sami Inna a kan abin salla, ya durƙusa ya ce ta yi masa faɗa, ko ta mare shi, shirun da take yi masa ya fi zafi. Ba ta daina jan carbi ba.

"Hwaɗa ba ya hidda dalma daga jini. Lokacin Shafi'u ba mu sani ba. Kai ka sani."

Allah cikin rahamarSa, sakamako ya fito da sauƙi. Akwai dalma a jinin, har sai an ba ta magani, amma Sharon ta ce an zo da wuri, ba ta kai ga jijjiga ba. Aka kankare daɓen ɗakin aka kwashe zuwa nesa da gari, aka sake siminti. Williams ya ɗaure hanci ya goge injin da jiƙaƙƙen tsumma, yana yi yana girgiza kai.

Katin kuwa yana cikin ledarsa a saman kwaba. Gero ya nuna, aka yanke, aka kai rumbu, yana nan. Bai ruɓe ba, bai yi tsatsa ba.

Da kaka Williams ya saka shi. A jakarsa ma akwai wasu irinsa, kamar yadda ya faɗa tun farko. Wasa ya tafi sumul, Uba ya ce to, 'yan ƙwallo sun sha ruwa.

Humaira ta ji sauƙi, tana ci tana wasa, ana kai ta awon jini. Sai dai maganarta ta yi nauyin fitowa, kuma babu mai iya cewa dalma ce ko haka Allah Ya yi ta. Junaidu yana buga wasansa, amma da ƙarar a ƙasa. Da ya ji tsakar gida ta yi shiru, sai ya tsayar, ya kira sunanta, ya saurara har sai ta amsa.

Darasi: Yawancin abin da muke rawar jiki a kai, in mun bar shi zai jira mu, amma lafiyar yaro in ta taɓu ba lallai ta dawo yadda take ba. Dokar da uwa ta kafa bayan ta binne ɗa, ba don ta takura maka ba ce. Ku tura wa matasanmu da iyayensu, musamman inda ake aikin dutse. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya tsare mana zuri'a.