Faifan da Jafaru Ya Kulle a Durowa

Akwai wani ma'aikacin sashen kwamfuta a wata jami'a da ke Samaru, sunansa Jafaru. Shekara tara yana wurin, har ya soma ganin ko kwamfuta ba ta isa ta kunnu ba sai da izininsa.

A 2006 jami'ar ta tashi sabunta shafin farko na gidanta na intanet. Aka ce shi da Winifred, wadda ba ta fi wata shida da kama aiki ba, kowa ya tsara nasa. Wanda aka zaɓa shi zai riƙe shafin.

Abin ya tsaya wa Jafaru a rai. Yarinyar da ta zo jiya-jiya za a haɗa shi da ita? Faifan hotunan jami'ar kuwa yana hannunsa, sai ya jefa shi a durowa ya kulle.

"Malam Jafaru, don Allah ka ara mini faifan nan," in ji Winifred.

"Ai ni ma nemansa nake. Ki tambayi wani."

Ya koma ya cika shafinsa da manyan hotuna: ƙofar shiga, furanni, har da tambari mai juyawa.

Da Winifred ta rasa hoto, sai ta bi shagunan intanet na Samaru da Sabon Gari tana tambayar ɗalibai abin da ke kawo su. Sunayen waɗanda aka ɗauka, ranar rajista, sakamakon jarrabawa. Ta jera su ɓaro-ɓaro a saman shafinta. Jafaru ya leƙa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar gwaji shugabar kwamiti, Hajiya Kaltume, ta ce ba a ofis za a duba ba. A wani shagon intanet na Jushi za a je, inda ɗalibai ke dubawa.

Aka kira shafin Jafaru. Minti goma ana zaune, rabin ƙofar jami'a kaɗai ya fito, saboda hotunan sun yi wa intanet ɗin shagon nauyi. Na Winifred kuwa, kafin Hajiya ta gyara tabarau ya buɗe. Nan take aka ba ta aikin.

A hanya Winifred ta ce wa Jafaru da zuciya ɗaya, "Malam, ɓatan faifan nan ne ya cece ni. Da na same shi, wallahi irin naka zan yi."

Makullin durowar kuwa yana cikin aljihun Jafaru.

Darasi: Hassada ba ta tare rabon kowa, sau da yawa ma ita ke share masa hanya. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai buɗe durowarsa.