Ranar da Adawiyya Ta Kira Sunan 'Yar Farinta

Akwai wata baiwar Allah 'yar Daura, sunanta Adawiyya. Mijinta Harisu ya samu karatu a ƙasar Sin, ya tafi da ita da 'yarsu Fadila mai shekara huɗu.

Fadila 'yar fari ce. Kun dai san halinmu da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. A Daura wannan bai taɓa damun Fadila ba, don ga kakarta Inna Shatu mai goya ta, ga gwaggonni masu yi mata kitso. A bakin uwarta kuwa sunanta "ke yarinya".

Garin da suka sauka baƙar fata ba su da yawa. Duk inda suka shiga sai a zuba wa yarinyar ido. Wannan ya ɗauke ta hoto, wancan ya shafa kumatunta, wata ta ja jelar kitsonta. Yawanci ba mugunta ba ce, sha'awa ce. Fadila ta ɗago ta dubi uwarta, uwar ta kau da kai, wai ita a dole kunya, alhali zuciyarta na ƙuna.

A hankali yarinyar nan mai surutu kamar aku ta koma shiru. Da ta ga an ɗauko takalmin fita sai ta shige bayan labule.

Wata Juma'a suka kira gida ta bidiyo. Adawiyya ta hango tsakar gidansu, ga inuwar dalbejiya, ga ƙannenta suna dama fura, kewar gida ta kama ta. Sai ta ji Fadila na cewa, "Inna, ki zo ki ɗauke ni. Nan kowa taɓa ni yake, kuma Umma ba ta hana su."

Inna Shatu ta ce, "Miƙa wa uwarki wayar."

Ta ce, "Adawiyya, ni ma har yau ban taɓa kiran sunan yayanki ba. Amma ni a gida mai mutane na yi kunyata, in na kau da kai akwai mai ɗauka. Ke a can wa kika bar wa ita? Ke ce uwa, ke ce kaka, ke ce gwaggo."

Washegari da ƙyar da lallashi suka fita kasuwa. Wata tsohuwa ta miƙo hannu za ta taɓa kitson. Adawiyya ta tare hannun cikin murmushi, ta durƙusa a gaban 'yarta.

"Fadila, kina so a taɓa ki?"

Yarinyar ta girgiza kai. Uwar ta yi wa tsohuwar alamar a'a cikin ladabi. Tsohuwar ta yi dariya, ta ɗaga musu hannu ta wuce.

Adawiyya ta ce, "Daga yau wanda kika so, ki ɗaga masa hannu. Wanda ba ki so ba, ki riƙe zanena, ni zan yi magana."

Fadila ba ta ma ji wannan ba. Kallon uwarta kawai take yi.

"Umma, ashe kin san sunana?"

Nan tsakiyar kasuwa, ana kallonsu, Adawiyya ta rungume ta tana hawaye.

Darasi: Kunya ado ce, amma kada ta hana ka tsaya wa ɗanka a inda ba shi da kowa sai kai. Ku tura wa 'yan uwanmu da ke rainon yara nesa da gida.