Ɓawon da Bai Bushe Ba

A wata masana'anta da ake ƙera fukafukan injin gas, irin manyan injunan nan da ke juyawa cikin wuta su ba da lantarki, akwai wani ma'aikaci da kowa ke kira Yanzu-yanzu. Ya iya aiki, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne, bai iya jira ba. Shi ne mai kurɓar shayi yana tururi, ya ƙone harshe, gobe ma ya sake. Mahaifiyarsu takan ce ko ranar haihuwarsa bai bari ungozoma ta ƙaraso ba.

Sai kuma Allah ya haɗa shi da aikin da rabinsa jira ne. Da kaki irin na zuma ake fara yin siffar fiffike. Shi zai tsoma ta cikin kwaɓin tangaran, ya barbaɗa mata yashi mai laushi, ya rataye ta a ɗakin shanya. Sai ta bushe sarai zai sake tsomawa, a haka har ɓawo ya yi kauri. Daga nan a narkar da kakin ya tsiyaye, a gasa ɓawon a tanderu, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da kakin ya bari. Ɗakin shanya kuwa ba ya son zafi, domin zafi kan kumbura kakin da ke ciki ya tsaga ɓawon.

Mai zuba ƙarfen yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya samo masa aikin. Yaya yana da wata ɗabi'a. Duk ɓawon da zai shiga tanderu sai ya ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kasa kunne. Lafiyayye yakan yi ƙara garau, mai tsaga kuwa muryarsa a shaƙe take. Abokan aiki suna tsokanarsa da likitan tukwane, shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba.

Wata rana Injiniya, matar da ke shugabantar sashen, ta ce sai mako mai zuwa za a zuba sabon kashi.

"Mako mai zuwa?" in ji Yanzu-yanzu. "Ranki ya daɗe, ai ni kafin hutun ƙarshen mako zan gama nawa."

"Ba tsere muke yi ba," ta ce. "Ka bar su su bushe da kansu."

Ya ce to. Amma tana juya baya ya jawo hita mai ɗumama ɗaki da fanka daga sito, ya kunna wa nasa layin, ya rufe ƙofa. Ɓawon ya bushe da wuri kamar yadda ya so. Da ya zo saukewa sai ya ga tsaga a jikin guda ɗaya, siririya kamar gashi, ta taso daga gindi har kusan wuya. Ya waiga, babu kowa. Ya lakato kwaɓi da yatsa ya shafe wurin, ya sake tsomawa, tsagar ta ɓace wa ido.

Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne Yaya. Ya ce a ransa, ai likitan tukwane zai ƙwanƙwasa, ya ji muryar, ya ajiye shi gefe, magana ta mutu ba wanda ya sani.

Ranar zubi ta zo. Yanzu-yanzu yana tsaye bayan jan layin da ba a ƙetarawa, idonsa a kan teburin. Yaya ya bi ɓawon sauran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa, yana saurare. Da ya iso layin ƙarshe sai ya ga alamar ƙanensa a jiki. Ya sauke hannu.

"Waɗannan na ƙanena ne," ya ce da alfahari. "Ni na koya masa. A shiga da su."

Yanzu-yanzu yana kallo aka tura su tanderu. Yana kallo suka yi ja, suka koma fari-fari don zafi. Yaya ya sa rigar wuta da safar hannu, ya sauke gilashin fuska. Aka fito da ɓawon farko aka kafa a cikin yashi, kuma shi ne mai tsagar, ya gane shi da ɗan tudun da yatsansa ya bari. Tukunyar ƙarfe ta taho a rataye, tana haske har ba a iya kallonta.

"Yaya!"

Yaya ya ɗaga gilashi. "Mene ne?"

Injiniya ta juyo. Duk ɗakin ya juyo. Magana ɗaya ce ta rage, amma ya tuna hita, ya tuna kwaɓin da ya shafa, ya tuna kunyar da zai sha a gaban matar nan.

"A yi a hankali," ya ce.

"Yau kai ne mai cewa a yi a hankali?" in ji Yaya. Aka kwashe da dariya. Ya mayar da gilashi, ya karkata tukunyar.

Ƙarfe ya fara shiga lafiya. Bai kai rabi ba aka ji ƙas. Ɓawon ya buɗe daga gindi, ƙarfen ya yi tsartuwa ya malalo kan ƙafar Yaya. Ihun da ya yi, har yau waɗanda suke wurin ba sa son a tuna musu.

Likitoci sun ceci ransa, amma ba su ceci ƙafar ba. Da Yanzu-yanzu ya shiga ɗakin asibitin, mahaifiyarsu na zaune a bakin gado tana share hawaye.

"Kada ka damu kanka," in ji Yaya da murya ƙasa-ƙasa. "Na gaya wa Injiniya laifina ne. Da na ƙwanƙwasa da na ji."

Yaya ya kalli wurin da bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Can ya ɗago.

"Amma lokacin da ka kira ni, me ka so ka gaya min?"

Yanzu-yanzu ya sunkuyar da kai. Yaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya fuskarsa bango.

Mai karatu, aikin da ke buƙatar jira a ba shi lokacinsa, domin gaggawar mutum ɗaya sau da yawa wani ne ke ɗaukar wahalarta. In kuma ka yi kuskure, kada ka shafe shi ka zuba ido wani ya gano. Wanda kake jira ya duba aikinka, wataƙila yardar da ya yi maka ce za ta hana shi dubawa. Faɗi gaskiya tun tana da amfani, ko da za ka sha kunya a gaban mutane.