Wayar Alhaji Tanimu da Labulen Sarkin Kasuwa

An ce wai a wani birni an yi wani Sarkin Kasuwa mai suna Jatau, dattijo mai jinkirin magana. A kasuwarsa akwai wata tsohuwar ƙa'ida: wanda aka kama da algus ya bar rumfarsa, wanda kuma ya jefi ɗan'uwansa da algus ya kasa kawo hujja, shi ma ya bar tasa.

A layin masu kayan sauti akwai maƙwabta biyu, Sallau da Gambo. Sallau ya sayar wa wani attajiri, Alhaji Tanimu, wata wayar wuta mai kauri kamar igiyar guga, mai tsadar gaske. Ya ce idan aka jona ta maimakon siririyar wayar da ta zo da kayan, sauti zai washe. Alhaji kuwa mutum ne da ba shi da abin so kamar ya kishingiɗa a falonsa yana jin goge. Ya jona, ya saurara, ya dawo kasuwa yana yabo.

Gambo ya kasa haɗiye abin. Ya tsaya a tsakiyar layi ya ce, "Wutar da ta taho daga uwa duniya a kan falwaya, tsuntsaye na hutawa a kanta, ita ce waya kamu biyu za ta wanke? Wannan algus ne tsirara!"

Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Aka tafi gaban Sarkin Kasuwa. Alhaji Tanimu ya bi su, ya rantse a gaban jama'a cewa da kunnensa ya ji bambanci.

Nan Jatau ya ga ta kansa. Idan ya gaskata Gambo, ya ƙaryata dattijon da ya rantse, ya kuma raba Sallau da abincin iyalinsa. Idan ya gaskata Alhaji, Gambo ne zai kwashe kayansa, alhali maganarsa ba ta hauka ba ce. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya dubi Sallau.

"Za ka jingina rumfarka a kan kunnenka?"

"Yanzu ma, ranka ya daɗe," in ji Sallau, ko numfashi bai ja ba. "Irinta ce a ɗakina. Ko a barci aka tashe ni zan gane ta."

Da la'asar aka hallara a falon Alhaji. Jatau ya sa aka rataya labule tsakanin mutane da kayan sautin, ya shiga baya shi kaɗai. Gambo na ta share gumi da hularsa, Sallau kuwa ya ƙura wa labule ido kamar zai huda shi.

"Ga tsohuwar," in ji Jatau. Goge ya tashi. Alhaji ya yatsine fuska ya ce, "Ka ji, kamar daga cikin tulu." Sallau ya gyaɗa kai.

Aka ji ƙwaram-ƙwaram a bayan labule. "Ga sabuwar." Goge ya sake tashi. Alhaji ya lumshe ido ya ce, "Allahu akbar! Har gugar izgar gogen ina ji." Sallau ya miƙe tsaye don murna.

"Kai fa, Gambo?" in ji Jatau.

Gambo, da yake tsoron rasa rumfa ya cika masa ciki, ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe, wannan ta fi ta farko muni. Ƙara ce kawai mai soke kunne."

Sai Jatau ya yaye labule. Siririyar wayar nan tana jone yadda take tun farko. Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya zaro mai kaurin a naɗe, ya ajiye ta a kan darduma. Ko kusa da soket ba ta je ba.

Sallau ya sulale ya zauna. Alhaji ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Gambo ya buɗe baki zai yi dariyar nasara, sai ya tuna rantsuwar da ya yi yanzun nan, ya mayar da bakinsa.

Jatau ya ce, "Ku uku kun ji abu ɗaya sau biyu, kowa ya ji abin da ya zo da shi daga gida. Alhaji bai yi rantsuwar ƙarya ba, abin da ya ji ya faɗa. Sallau bai yi algus ba, domin mai algus ya san aibin kayansa, ba ya miƙa wuyansa ga gwaji da sauri haka. Gambo ya yi daidai a kan waya, ya yi kuskure a kan mutum. Ba wanda zai bar rumfa. Gambo zai tsaya inda ya ɓata sunan maƙwabcinsa ya wanke shi. Kai kuma Sallau, ɗauki labulen nan ka rataya a rumfarka. Duk mai son wannan waya ya saurara daga bayansa, in ya gane ta, ka sayar masa."

Da mutane suka fara watsewa, Alhaji ya roƙi a jona masa mai kaurin. Aka jona. Ya saurara, ya sake saurara, sannan ya ce a hankali, cikin baƙin ciki, "Jatau, ka raba ni da daɗina."

"Ban taɓa shi ba, Alhaji. Ɗazu ka ji shi a siririyar waya, yana nan inda ka ajiye shi."

Shi ya sa masu hikima suka ce kunne baran zuciya ne, abin da ta aike shi ya ɗauko, shi yake kawo mata.