Ƙahon da Barmo Ya Ƙi Busawa

Ku yaran yanzu ba kunya, ba tsoro. An rataya muku ƙaho a bakin Matsatsi, kun bar shi har zanzaro ya yi gini a ciki, kuna zaune a gindinsa kuna latsa waya. Da aka yi magana, wani marar ta-ido ya ce ai kayan da ne. To ku buɗe kunne ku ji abin da ya sami wanda ya fi ku ƙarfi da ya raina ƙahon nan.

A zamanin da, tun kwarin nan yana daji, an yi wani maharbi ana ce da shi Tunau. Kirarinsa shi ne, Tunau na Tabawa, ƙaya a tafin giwa, mai shimfiɗa inda damisa ta tashi. Wata rana ya harbi wata baƙar ɓauna, ta ƙi faɗuwa, ta kama gefen Kogin Kurma ta yi sama. Ya bi jininta.

Tafiyar nan ce ta nuna masa kwarin. Hanya ce irin ta awaki, dutse a dama, rami a hagu, kogi yana ruri can ƙasa. Ya ratsa Mashigi, inda ake ƙetare ruwa. Ya hau Matsatsi, inda duwatsu biyu suka kusa haɗa goshi, kwarin ya karya kwana. Ya bi ta ƙauyuka masu bukkoki manne a jikin dutse, suna noman acca a 'yan gonakin da suka tokare da duwatsu. Duk inda ya sauka aka ba shi kunu, duk inda ya sauka kuma ya tarar da zaman makoki. Ya tambaya, aka ce kogi ne. Ruwa yakan zuba can Kan Tsauni, nan ƙasa rana tana dukan ƙeya, mata suna wanki, sai ambaliya ta sauko da itatuwa ba sallama. Shi ya sa ake ce masa Kurma, ba ya jin magiya.

Sai a Kan Tsauni ɓaunar ta durƙusa. Tsofaffi sun ce kafin ta cika ta dubi Tunau, ta sunkuyar masa da ƙahoninta har ƙasa. Ya gane. Ya cire su ya huda, ya ba mutanen Kan Tsauni ɗaya, ya ce duk sa'ad da hadari ya zuba a busa. Amma muryar ƙahon ba ta wuce kwanar Matsatsi. Sai ya kai na biyun can, ya danƙa wa wani saurayi mai suna Barmo, wanda ya koya wa harbi da hannunsa.

Ya ce masa, "In ka ji na sama, ka busa naka. Ko loma ce a bakinka, tofar da ita."

Barmo ya dafa ƙahon ya rantse.

Tunau ya kafa gida a Mashigi, shi da matarsa Tabawa. Kowace bazara sai ya ɗauki sanda ya bi ƙauyukan har sama, yana duba ƙahonin. Shekaru suka wuce kogi bai ci kowa ba, sai dai ƙwarya ko zanen da aka manta.

Sai wata damina, Tunau ya riga ya tsufa. Ranar kasuwa ce, mata sun ɗauko acca za su ƙetare su musanyo gishiri, Tabawa tana cikinsu, tana riƙe da hannun wata mai tsohon ciki. Shi yana zaune bakin gaɓa yana gyaran tsirkiya. Sai ya ji wani abu siriri kamar kukan sauro. Ƙahon Kan Tsauni ne, wanda ba kunnen da ke jinsa daga nan sai nasa. Ya ɗaga kai yana jiran na Barmo. Shiru. Ya ce a ransa ko kunnen tsufa ne. Yana cikin haka ya ga ruwa ya yi ja, ɗanyun ganyaye suna biyo shi.

Ya miƙe ya ce, "Ku fito, ruwa na zuwa."

Wata ta waiwayo tana dariya ta ce, "Baba, ai ba a busa ba."

Kun ji masifar. A da kowace mace da ido ɗaya take wanki, ɗayan yana kan kogi. Da ƙaho ya zo suka saki jiki, suka bar masa gadin rayukansu. Kafin Tunau ya sake buɗe baki ruwa ya iso kamar gari ya taso. Ya faɗa ciki, ya miƙa bakansa, ya jawo waɗanda Allah ya sa kwanansu na gaba. Mai cikin ta fita, don Tabawa ta ingiza ta gaɓa. Ita Tabawa ba a ga ko ɗankwalinta ba, haka wasu matan ƙauyukan sama.

Tunau bai zauna karɓar gaisuwa ba. Da jiƙaƙƙen warki ya kama hawa. Tun kafin ya shiga Matsatsi ƙanshin gashi ya tare shi. Ya tarar da Barmo zaune, an shanya fatar gwanki, ƙaho yana rataye a reshe.

Barmo ya ce, "Baba, sannu da hawa. Ka zo a sa'a, ga hanta."

"Ka ji na sama?"

Barmo ya sunkuyar da kai. "Na ji, Baba. Gwankin yana lasar kanwa, kibiya tana kan tsirkiya. Tun bara nake binsa. Na ce in saki kibiyar tukuna."

"Da ka saka fa?"

"Ya gudu da ita, na bi shi. Ai kai ka koya mini ba a barin nama da rauni."

"Ni na koya maka. Loma fa, wa ya ce maka ka tofar?"

Mutanen da suka taru cin nama suka ja da baya, don sun zaci kashe shi zai yi. Tunau ya ce mutuwa hutu ce, ba zai ba shi ba. Ya ɗauki bakan Barmo ya karya a gwiwa. Ya ɗaura masa ɗanyar fatar nan a baya, ya sa shi gaba, ƙauye bayan ƙauye. Duk ƙofar da aka yi rashi sai ya tsaya ya faɗa da bakinsa, "Na ji, ban busa ba." Ƙofar ƙarshe ita ce ta Tunau, inda tukunyar Tabawa take kan murhu, wuta ta mutu.

Nan dattawan kwarin suka taru, Tunau ya yanke hukunci. Aka mayar da ƙaho wani gida. Barmo ba baka, ba nama har abada. Zai zauna a Mashigi, duk matafiyin da ya zo, yaro ko tsohuwa, ya goya shi ya ƙetarar. Kada a ba shi lada, kada a ce masa an gode.

Haka ya yi har bayansa ya tanƙware, ruwa ya cinye masa yatsun ƙafa. Ya goya 'ya'yan matan da ya kashe, ya goya jikokinsu, ba wanda ya taɓa yi masa sannu. Har yau zuriyarsa ba sa cin gwanki, su ne kuma ke ɗaukar kayan baƙi a Mashigi, ba a yi musu godiya. Da ya mutu aka haƙa kabarinsa a bakin gaɓa, ƙasa da inda ambaliya take tsayawa. Kowace damina Kurma yana bi ta kansa.