Kwaltar da Malami Ya Shafa

Ranar Litinin, 3 ga Oktoba, 1960, Bagudo ta wayi gari da yayyafi, tutocin 'yancin kai duk sun jiƙe.

Akwai wani mai walda, Malami, wanda ya haɗa bututun ƙarfen da ke jawo ruwa daga kogi zuwa gari. Har daga Dahomey ake ƙetarowa neman aikinsa. A safiyar nan aka ba ɗan ƙanensa Bunyaminu, wanda ya yi makarantar sana'a, aikin duba bututun.

Bunyaminu yakan shafa kananzir a mahaɗar bututun, ya goge, ya barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ya fito ya zana ta. Haka ya gano wata siririya kamar gashi, yana ɗiga fenti a bakinta duk mako don ya ga ƙaruwarta.

"Baffa, duk tashin injin turo ruwa da tsayawarsa tsagar na ƙaruwa. A da tsawon ƙwayar gero take ci a mako, yanzu na shinkafa. Ba za ta kai azumi ba."

"To, boka!" in ji Malami. "Har ranar mutuwar ƙarfe ka sani? Ina walda kana tsotson yatsa."

Ba tsagar ce ta ci masa rai ba. Masu gaishe shi da girma ne suka koma tambayar, "Mi Bunyaminu ya ce?"

Ana gobe injiniyan da ke kula da aikin ruwan zai zo, Malami ya lafta kwalta a wurin, tsaga da ɗigon fenti suka ɓace. Injiniya bai ga komai ba. Bunyaminu ya dubi ɗanyar kwaltar, ya dubi baffansa, ya sunkuyar da kai. Aka canja wa Bunyaminu wurin aiki zuwa garin Kamba, wai yana tada hankalin jama'a.

Saura kwana tara azumi, bututun ya fashe. Gari ya ɗauki azumi ba ruwa, mata na jigila daga kogi da tsakar rana. Matar Malami, Hamsatu, wadda ta wanke rigar da ya ɓata da kwalta ranar nan, ta sauke tulu tana haki.

"Malam, ashe kwaltar ba ta riƙe ba?"

Malami ya rubuta wa Bunyaminu wasiƙa da ajami: "Ni na rufe tsagar. Na faɗa wa injiniya. Dawo ka duba min sauran mahaɗun." Kwana uku tana aljihunsa. Rana ta huɗu ya jefa ta a akwatin gidan waya.

Darasi: Hassada ba ta hana tsaga ƙaruwa, gani kawai take hanawa. In na ƙasa da kai ya nuna maka aibin aikinka, ka saurare shi. Ku tura wa 'yan uwa.